Fuskar Baba a Takardar Bajapane

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza.

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna, yaya maigidan da yara? Ni lafiya lau, ina nan shagon kafilina, wato ubangidana, a unguwar Dira cikin Riyad, muna sa wa hotuna gilashi.

Shekaranjiya wani Bajapane ya kawo tsohon zane. Ya ce a katako ake sassaƙa shi, a shafa tawada, a danna a takarda. Na buɗe ina shirin tsuga masa kuɗi, sai na ga fuska fari fat, baki a karkace, idanu sun haɗu a gindin hanci. Yaya, wallahi fuskar Baba ce, sadda yake wasan 'yan kama ranar kasuwa yana kuka a kan ƙwaryar fura.

Bajapanen ya ce na cikin zanen ɗan wasa ne, ya mutu tun zamanin kakanni, amma mutanensu sun adana fuskarsa. Ya fara yi mini bayani cewa da gangan ake haɗe idon. Na ce, “Na sani, ubana ma sana'arsa ke nan.”

Tunda na zo Riyad, kowa ce masa nake ubana ɗan tireda ne. Kin kuma san ni na kori mai hoto ranar da ya so ɗaukar Baba yana wasa. Yanzu ga shi ya rasu, ba mu da hotonsa ko ɗaya.

Don Allah ki bincika wajen tsofaffin abokan wasansa, ko wani ya ajiye. Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'a. In kin je maƙabarta, ki gaya wa Baba na faɗi sana'arsa da bakina.

Ƙaninki,
Sallau