Danƙon Hafsatu

Daren Laraba, Zuru

Injin niƙa biyu, gonar dawa a Manga, gidan siminti, duk da hannuna na yi su, ba wanda ya tallafa min. Amma yau barci ya ƙi zuwa.

Hafsatu ta zo hutu daga jami'a. A gaban abokaina na ce ta faɗa musu abin da take bincike. Ta ce wani sinadari suke haɗawa a ɗakin gwaji, irin wanda ke manne ƙwayoyin jiki kamar danƙo. Idan na jikin mutum ya yi rauni, sankara sai ta samu hanyar yaɗuwa.

Na ce, "Danƙo? Ai ga garin Danko nan, babur ma zai kai ki!" Aka fashe da dariya, har ina tafawa.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, haka ciwon Inna ya yaɗu har muka rasa ta. Don ita nake yi."

Tuwon ma na kasa ci. Gobe za ta koma, ni kuwa ban san yadda uba ke ba 'yarsa haƙuri ba.

Da kaina zan kai ta tasha. In ta gama rubuta binciken nan, dole a sa sunana. Ko a ƙasan na uwarta ne, a sa.