Takobin Kaka da Ke Bangon Falonka

Zuwa ga Yayana Mahadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen Fagge. Mu a nan unguwar Hindawiyya ta Makka mun gode Allah. 'Yata Arwa ta gama makaranta, ɗana Hudaifa yana nan da tasinsa. Baba ne dai jiki ya ƙi. An sallamo shi daga mustashfa, wato asibiti, daktur ya ce sai addu'a.

Yaya, na rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshe. Maganar takobin Kaka ce. Ka fi ni sanin cewa da aka gama yaƙin Bama, hafsan Japan ɗin nan da hannu biyu ya miƙa wa Kaka shi, kansa a sunkuye, da ɗan katako ɗaure a kube mai sunansa da garinsu. Kaka ya ce wanda ya rubuta sunansa a jikin kaya bai bayar ba, ajiya ya ba ka. Ya bar wa Baba wasiyya a mayar. Baba ya taho Makka ya bar shi a gida, yana cewa baɗi, baɗi.

Yanzu ba ya tambayar magani, ba ya tambayar abinci. Da ya buɗe ido sai ya ce, Ramlatu, an mayar? Jiya ya riƙe mini hannu yana kuka, wai da wace fuska zai sadu da mahaifinsa. Arwa ta ce, khalas, in ce masa an mayar mana, ya huta. Wallahi na buɗe baki, harshena ya ƙi. A garin nan, ga mutum a bakin tafiya, in sallame shi da ƙarya? Ban iya ba.

Na san ka ce ganima ce, kuma gadonmu ne. Ban kai in yi jayayya da kai ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara, Yaya, kuma ba hukunci nake nema ba, barcin tsoho nake nema. Hudaifa ya bincika, ya ce mai yiwuwa ofishin jakadancin Japan a Abuja su iya karanta katakon su nemo jikokin. Ko ba a same su ba, don Allah, don darajar iyaye, ka sauke takobin daga bango, ka naɗe shi, ka shiga mota da shi. Kana barin Kano ka kira ni, in sunkuya a kunnensa in ce ya kama hanya, kuma ya zama gaskiya na faɗa. Kada ka jira bayan Salla. Baba ma baɗi ya ce.

Ka gaida Anti Mujahida, da Abdulmuhaimin, da ƙannensa. Wayata tana hannuna.

Ƙanwarka,
Ramlatu Wada
Hindawiyya, Makka