Abin da ke Sa Maɓalli Susa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma lafiya, sai dai Baba yana nan yadda ka bar shi bayan rasuwar Mama: daga gado sai kujera, maganin hawan jininsa ma sai na yi da gaske yake sha.

Tunda a asibitin dabbobi kake aiki, yau ranarka ta zo. Na tsinci ɗan kwikwiyo a bayan shagon ɗinkina, na sa masa suna Maɓalli saboda idanunsa. Sati uku ke nan yana susa ba ji ba gani. Cikinsa ya yi ja, gashin wuyansa na zuba. Likitan dabbobi na nan ya ce ba ƙuma ba ce, ba ƙazuwa ba, wani abu ne jikinsa ba ya so. Ya ba ni ƙwaya, rabi safe rabi yamma. Na cusa a nama, ɗan neman ya cinye naman ya tofo min ƙwayar a kan takalmi.

Baba ko kallonsa ba ya yi. Ya ce in bai warke zuwa ƙarshen wata ba, in san inda zan kai shi. Ina son karen nan, Yaya. Shi kaɗai ke murna in na dawo gidan nan.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Wato ke mai gudun kyanwa, yau ke ce uwar kare. Ikon Allah.

Batun ƙwaya, ki daina lallashi. Ki ɗaga kansa, ki buɗe bakin, ki sa ta can ƙarshen harshe, ki rufe, ki shafa masa maƙogwaro. In ya lashi hanci, ya haɗiye. Amma ƙaiƙayi kawai take kwantarwa, sai mun gano mai laifin. Ki riƙa rubuta abin da ya ci, inda ya kwanta, da ranar da susar ta tashi. Kada ki canza abu biyu a lokaci ɗaya, na san ki da gaggawa.

Ki gaida min Baba da kyau.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Dabararka ta ci, yana haɗiyewa yana hararata.

Na canza abincinsa, shiru. Na kwashe tsummokaran shago da nake shimfiɗa masa, shiru. Da na duba takardar sai na ga abin mamaki: ranakun da ba na zuwa shago lafiyarsa ƙalau, amma duk ranar da na fita sai in tarar da shi ja-wur. Kuma yana wani ƙamshi da na sani, na rasa daga ina.

Ran Laraba na dawo da tsakar rana ba sallama. Yaya, Baba na gani tsugune a bakin famfo, ya naɗe hannun riga, Maɓalli na cikin baho kumfa har kunne. Sabulun Mama ne, wanda take haɗawa da hannunta, ragowar kwalin nan na ƙarƙashin gado da ya hana kowa taɓawa. Yana cuɗa shi yana cewa, "Tsaya mana, sarkin taurin kai. Sabulun nan ya warkar da ƙurajen yara uku a gidan nan, kai ne za ka gagare shi?" Kwikwiyon ya girgiza jiki ya jiƙa shi, Baba ya yi dariya. Wata bakwai rabon da in ji ta.

Na koma da baya na tsaya a bakin ƙofa na sha kukana. In na yi shiru, fatar karen za ta lalace. In na ce masa sabulun Mama ne ke cutar da shi, ina tsoron ya koma kujerar nan. Yaya zan yi?

Taka, Auta

Auta,

Na gaishe ki. Sau uku na karanta wasiƙarki, sai da na fita waje na sha iska.

Sabulun ne, babu shakka. Yana da turare da ƙarfi, fatar ɗan kwikwiyo ba irin tamu ba ce. Dole a daina. Ga irin nasu na aiko, marar ƙamshi, sau ɗaya a sati.

Yadda za ki faɗa masa kuwa, wannan ba a koya mana a makaranta ba. Kada dai ki ɓoye kwalin, kada ki yi masa ƙarya, zai gane. Ki ba shi takardar da kike rubutawa ya duba da kansa. Sannan ki ce aiki ya yi miki yawa, ki damƙa masa ƙwayar karen.

Allah ya sa a dace.
Yayanki

Ɗana,

Ina gaishe ka da iyalinka. Ƙanwarka ta ba ni wata takarda mai layi-layi. Na karanta. Ashe har leƙen asiri kuke min ku biyu.

Na daina. Da uwarku tana nan da tun ranar farko ta ce min, "Malam, kare ba ɗanka ba ne."

Ƙwayar tana hannuna yanzu. Bakwai na safe Maɓalli yana shan tasa, ina shan tawa, don ba zan matsa wa ƙaramin yaro a kan abin da ni nake gudu ba. Gashin wuyansa ya fara fitowa. Maganar ƙarshen wata kuma, ban ce wane watan ba.

Sabulun ni nake wanka da shi yanzu, ni ba ya sa ni susa. Saura guda huɗu. Na ware maka ɗaya, amma ba zan aiko ba. Ka zo ka karɓa.

Mahaifinka