Ɗaki na Ɗaya

Madina, 3 ga Fabrairu, 1976

Ƙanena Sama'ilu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka. Bayan haka, ga zanen masaukin da na yi maka maganarsa. Wani magini a nan Madina ne ya zana mini, irin gidajen da ake sauke alhazai: ɗaki takwas, kowanne da masai na siminti mai wurin sa ƙafa. A rushe tsohon gidanmu na kusa da kasuwar Babura a gina shi a wurin. Fataken shanun Nijar sun gaji da kwana a zaurukan mutane.

Inna ta zauna Kanya Babba wajen Kawu Hamma kafin a gama. Ka faɗa mata ɗaki na ɗaya nata ne iyakar ranta. Na san halinka da na Halliru magini, kowa malamin kansa ne. Kada a taɓa mini ko layi ɗaya. Inda na rubuta gabas, gabas ne.

Wassalam, yayanka Daudu.

Babura, 20 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga Yaya Daudu,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Saƙo ya iso, an kuwa rushe gida. Inna ta tsaya har aka sauke rufin ɗakinta, sannan ta shiga mota da tabarmarta da butarta. Ka san ba ta faɗin sunanka, kai ne ɗan fari. Cewa kawai ta yi, "Tunda mutumin Madina ne ya ce, to."

Yaya, ka yi mini afuwa. Halliru yana roƙon ka sake duban inda masan suka fuskanta kafin ya zuba siminti.

Ka huta lafiya. Ƙanenka, Sama'ilu.

Madina, 2 ga Yuni, 1976

Sama'ilu,

Bayan gaisuwa. Halliru da bai taɓa wuce Kano ba shi ne zai gyara wa maginin Madina aiki? Ni nake ƙona idona a kan keken ɗinki shekara tara, ku kuna zaune a inuwa kuna sharhi. A zuba siminti. Kada in sake jin wannan magana.

Wassalam, Daudu.

Babura, 15 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Yaya Daudu,

Gaisuwa da ladabi. An gama masauki, an buɗe. Ranar kasuwar farko ɗakuna suka cika. Da gari ya waye na ga fataken suna fita da butoci, suna nufar bayan gari. Babbansu ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, ba ma zama inda mutum zai tsuguna ya kalli alƙibla." Tun daga ranar ko akuya ba a ɗaure mana a ƙofa ba.

Abin da na kasa faɗa maka ƙarara ke nan a wasiƙar bara, don kada ka ce na raina ka. Duk masan takwas gabas suke kallo. Laifina ne, na gani na yi shiru.

Na ɗauko Inna daga Kanya Babba. Ta shiga ɗaki na ɗaya, ta shafa bango, har ta yi murmushi. Da ta leƙa makewayin sai ta fito ta naɗe tabarmarta. Ta ce, "A nan na yi sallah shekara arba'in. Mayar da ni gidan Hamma." A can wani ɗan ɗaki suka ba ta kusa da turken awaki, tari kuma ya kama ta. Na ce ta zo gidana, ta ce ita gidanta take jira. Raina a ɓace yake, Yaya, da kai da ni kaina.

Ka huta lafiya. Sama'ilu.

Madina, 9 ga Maris, 1977

Ƙanena Sama'ilu,

Gaisuwa, da fatan Inna ta samu sauƙi. Wasiƙarka ta yi kusan wata biyu a hanya. Na karanta ta, na kasa komawa kan keke. A nan Madina alƙibla kudu take, shi ya sa maginin ya juya masan gabas, kuma daidai ya yi. Ni da aka haifa a Babura, na rubuta gabas da hannuna, ban tuna inda na koyi sallah ba.

A fasa su duka a juya su. A fara da ɗaki na ɗaya. Ka ba Halliru haƙuri. Ka durƙusa gaban Inna a madadina ka roƙa mini gafara, ka ce ina nan tafe bayan aikin Hajji, ni zan ɗauko ta da kaina.

Allah ya sada mu da alheri. Yayanka, Daudu.

Babura, 1 ga Mayu, 1977

Yaya,

Gaisuwa da ta'aziyya. Ban jira umarninka ba, tun watan Fabrairu na sa Halliru ya fasa masan ɗaki na ɗaya ya juya shi. Siminti bai gama bushewa ba Inna ta rasu, ranar Laraba, a gidan Kawu. Wasiƙarka ta iso bayan sadakar bakwai.

Ranar da za ta cika ta kira sunanka sau biyu. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar.

Na shimfiɗa tabarmarta a ɗakin, na kulle. Makullin yana wurina.

Allah ya jiƙanta. Sama'ilu.