Ba Sunana a Allon Motar Tsere

Lahadi da dare, unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon.

Ni kaɗai na tada tsohuwar motar tseren nan. Ni na kankare tsatsa har lambar jikinta ta fito, na bi lambar har Paris, na gano 'yar direbanta na farko. Ko sufana ba wanda ya miƙo mini.

Yau a baje kolin Lyon, allon motar ya jera direbobinta huɗu da suka rasu, da sunan mai garajinmu. Da na yi magana sai ya dafa kafaɗata: "Hamisu, ai kowa ya san kai ne."

Direban nan na farko ma a zamaninsa kowa ya san shi, amma shekara biyu na yi ina neman sunansa. Su rubuta nawa gobe, tun ina raye.