Matan da Ka Kora Jiya

Abdulrauf,

Na tafi tasha in kama motar Nguru, aikin safe gare ni a asibiti. Ban tashe ka ba, don ba na son ganin fuskarka yau.

Jiya da la'asar ka tarar ina koya wa mata yoga a tsakar gida, ka ɗaga murya wai bautar gumakan Indiya muke yi. Ka kori mata shida, har da Ya Meram maƙwabciyarmu, wadda ta goya ka kana jariri. Gunki nawa ka gani? Miƙar da baya muke yi da jan numfashi, kuma sai da muka yi sallarmu muka fara.

Wata huɗu ke nan Inna tana yi. Ita da ciwon baya ya hana ruku'u, yanzu a tsaye take sallah. Kana can Kano, ba ka ga wahalarta ba, ni na gani. Bayan fitarka ta yi ta kuka, ta ce ta daina, kada ɗan cikinta ya kira ta mushirika.

Kafin in dawo Gashuwa ranar Alhamis, ka durƙusa gabanta ka janye maganarka. Ranar Asabar kuma za mu sake shimfiɗa tabarminmu a wurin nan. In idonka ba zai iya gani ba, ka haɗa jakarka.

Yayarka,
Sakinatu