Baba, Na Gano Mai Jitar Nan

Zuwa ga mahaifina, Malam Sale Direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ba ka bayanin aiken da ka yi mini. Shekara uku ke nan da ka bar mu, sai yanzu na samu abin faɗa maka ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Maganar kaset ɗin nan ce, wanda injiniyan nan Ba'amurke na kamfanin kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka a Saudiyya, ya mance a mota ranar da ka kai shi filin jirgi. Ba hoto, ba suna, ɗan rubutun jikinsa ma zafin Jidda ya cinye. Gefe ɗaya jitar katako ce zalla, ɗaya gefen jita mai lantarki da ganguna. Mu dai a gidanmu na unguwar Hindawiyya, Mai Yatsu muke ce wa makaɗin.

Bayan la'asar sai ka ɗora shayi, ka kunna, ka ɗaga mini yatsa ɗaya. "Saurara, Asabe. Bai buga ba tukuna. Yanzu!" Sai ka fashe da dariya kamar kai ka buga. Abin da ya kama ka ke nan: mutumin yana da saurin da zai bar kowa a baya, amma sai ya ɗan dakata, har ka ɗauka ya makara, sannan ya sauka daidai. Ka ce kakana haka yake yi da garaya kafin ya baro Katsina ya taho Hajji a ƙafa.

Inna kuwa ta rantse mutum biyu ne a kaset ɗin, wai mai natsuwar nan na gefen farko ba zai yi hayaniyar gefe na biyu ba. Kai ka ce hannu ɗaya ne, ko ido rufe kana gane tuƙin direban da ka sani. Shekara da shekaru kuna wannan musu, sai ta gaji ta ce halas, magana ta ƙare, a sha shayi.

Abin da ya tsaya maka a rai dai godiya ce. A wurinka, makaɗi ya faranta maka rai ka tashi ba ko sannu, rashin tarbiyya ne. Shi ya sa duk bayan Hajji, in alhazai suka cika kasuwar Balad suna sayen tsaraba, kana farautar 'yan Amurka. Ka ja bawan Allah zuwa mota, ka kunna masa, ka ce in ya koma ya gaya wa mai wannan kiɗa Sale na Jidda yana gaishe shi. Kai Baba! Mun yi ta gaya maka Amurka ba unguwar Nuzla ba ce da kowa ya san ƙofar kowa. Ka ce ƙarya ne, ba garin da za a yi makaɗi irin wannan a rasa mai nuna gidansa. Su kuma alhazan su gyaɗa kai don kunya, su tafi. Ko ɗaya bai taɓa dawo maka da amsa ba.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, "Ki nemo shi, ki gaishe min da shi." Na ce insha Allah, alhali ban san ta inda zan fara ba. Tsoron kunna kaset ɗin ma nake yi, kada tsohuwar rediyonka ta tauna shi.

Satin da ya wuce na yi ta maza na kai shi wani shago a Ammariyya, aka juye mini a waya. Akwai manhaja yanzu da ke gane kiɗa. Na saka mata gefen farko, ta ba da suna. Na saka na biyu, na duba mawaƙan, ga sunan nan dai a mai jita. Baba, ka ci musu! Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Da na gaya wa Inna sai ta ce dama taurin kai wani lokaci yakan dace, tana dariya tana share ido da mayafi.

Na gan shi a bidiyo a intanet. Saurayi ne, fuska ba motsi, yatsun ne kawai ke aiki. Ashe babba ne a kiɗan ƙauyen Amurka da suke kira bulugiras, daga baya ya ɗauki mai lantarki, can ma ya bar almajirai. Masu jita da yawa sun ce hannunsa suka bi.

Ga maganar da ta yi mini nauyi. Ya rasu da ƙuruciyarsa, tun kafin kaset ɗin ya shigo motarka. Duk gaisuwar nan da ka yi ta aikawa, mai ita ba ya duniya. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Amma aike aike ne. A ƙarƙashin bidiyon na rubuta saƙonka da Hausa yadda kake faɗa, na bi da Turancina na aikin asibiti, na yi bayaninka. Bayan kwana biyu wani dattijo ya rubuto. Ya ce tun yana saurayi yake koyon hannun mutumin, har yau dakatawar nan ta gagare shi, kuma yana mamakin direban da ya ji ta daga nesa haka. Ya tambaye ni yadda ake karɓar gaisuwa a harshenmu. Na koya masa. Shi ya fara, wasu suka biyo baya, mutanen da ban sani ba, kowa da nasa kuskuren rubutun: "Muna amsawa."

To Baba, ga amsarka, na kawo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ce 'yar aikenka,
Asabe.